YADDA MAZUBI GUDA KE FITAR DA DUBBAN LAYUKA A SHAFUKAN INTANET

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk wanda ya taɓa duba lissafin ajiyarsa na banki ta wayar hannu, ko ya nemi sakamakon jarrabawar ɗansa a intanet, ko kuwa ya shiga ɗaya daga kasuwannin intanet yana neman takalmi, lalle ya ga abu guda da suka yi tarayya a kansa, watau jerin layuka masu kama da juna kamar an tsaga kara. A lissafin banki kowane layi yana ɗauke da kwanan wata, da bayanin abin da aka yi, da kuɗin da ya shiga ko ya fita, da abin da ya rage. A takardar jarrabawa kowane layi sunan darasi ne da makin da aka ci. A kasuwa kuwa hoto ne, da sunan kaya, da farashi, da maɓallin da za a danna a saya.

Babu wani akawu da ke zaune yana buga waɗannan layuka ɗaya bayan ɗaya da tafireta. Sau guda aka zana siffar layin, aka bar gurabe inda suna da adadi za su zauna, sa'an nan aka bar wa kwamfuta aikin cike guraben, ko layi goma ne, ko dubu goma. Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu buga bulo ba zai sha wuyar gane wannan ba. Inji guda ne, yashi da siminti ana zuba masa, mazubin da aka ɗaura kuwa shi ne zai ce bulon inci shida zai fito ko na inci tara. A aikin gina shafukan intanet, bayanan da ke ajiye a rumbun kwamfuta su ne yashi da siminti, zanen layi guda shi ne mazubi, sashen manhajar da ke maimaita zubin kuwa shi ne injin.

Amfanin wannan dabara a fili yake, gama gyara guda a jikin mazubi ya gyara layuka duka. Amma hatsarinta ma daga nan yake, domin in mazubi ya karkace, kowane bulo karkatacce zai fito. Shafin da ke cinye datar talaka ba gaira ba dalili, da shafin da ɓarayi ke kutsawa ta cikinsa, sau da yawa laifin yana ga yadda aka ƙera inji da mazubi tun farko.

ASALIN TUNANIN

Cikin watan Oktoba na shekarar 1968 ƙungiyar tsaro ta NATO ta kira taron masana a garin Garmisch na Jamus ta Yamma, domin a duba dalilin da ya sa aikin rubuta manhajar kwamfuta yake cin kuɗi fiye da kima, yana wuce wa'adi, kuma ko an gama shi ba ya rasa kurakurai. A wurin taron wani masani daga ɗakin binciken kamfanin Bell na Amurka, Mista Douglas McIlroy, ya gabatar da takarda inda ya nuna cewa masu ƙera injuna ba su zama su ƙera kowane noti da sukuru da hannunsu, sai dai su duba littafin kaya su zaɓi girman da suke so. Masu rubuta manhaja kuwa kowa daga tushe yake farawa. Ya ba da shawara a riƙa yin shiryayyun sassa na manhaja, waɗanda za a ɗauka a harhaɗa a ayyuka dabam-dabam.

An ɗauki shekaru kafin wannan shawara ta zama abin yau da kullum. Cikin 1991 kamfanin Microsoft da ke garin Redmond na Amurka ya fitar da Visual Basic, inda mai aiki zai jawo maɓalli, ko akwatin rubutu, ko jadawali, ya ajiye a kan allo kamar mai jera kaya a kanti. Har wasu ƙananan kamfanoni suka kama sana'ar ƙera irin waɗannan sassa suna sayarwa.

A daidai wannan lokaci ne Mista Tim Berners-Lee, wani Baturen Ingila da ke aiki a cibiyar bincike ta CERN kusa da birnin Janeba, ya ƙirƙiro tsarin shafukan intanet. Ya rubuta shawararsa cikin 1989, aka buɗe wa duniya tsarin cikin 1991. Shafukan farko rubutattun takardu ne kurum cikin harshen HTML, abin da aka rubuta jiya shi za a tarar gobe. Ba a daɗe ba aka ga bukatar shafi ya riƙa ɗauko sabon bayani daga rumbu duk sa'ad da aka buɗe shi. Aka sami hanyar CGI cikin 1993, Mista Rasmus Lerdorf ya fito da PHP cikin 1995, Microsoft kuma ya kawo nasa mai suna ASP a ƙarshen 1996.

To, a nan fa aka shiga wata sabuwar wahala. A irin waɗannan shafuka, umarnin da ke ɗauko bayani da zanen da ke nuna shi a cakuɗe suke cikin takarda guda, kamar zaren da ya sarƙe. Mai zane in ya zo canza launi sai ya tsinka umarni, mai umarni in ya zo gyara lissafi sai ya ɓata zane. Mafi muni, in ana bukatar jeri iri ɗaya a shafi hamsin, sai a kwafe shi sau hamsin. Ran da aka gano kuskure guda, tilas a bi wuri hamsin ana gyarawa, kuma da wuya a ce ba a manta da biyu ko uku ba.

INJIN DA AKE KIRA REPEATER

Cikin 1997 wasu ma'aikatan Microsoft biyu, Mista Mark Anders da Mista Scott Guthrie, wanda a shekarar ya gama jami'a, suka soma neman mafita. Aikinsu ne ya zama ASP.NET, wanda aka fitar a farkon shekarar 2002. Manufarsu ita ce a gina shafin intanet kamar yadda ake gini da Visual Basic, watau a harhaɗa shiryayyun sassa, zane ya zauna a takardarsa, umarni ya zauna a tasa. Wannan salon gini shi ake kira Web Forms.

Sassa uku aka tanada domin jera bayanai. Na farko, DataGrid, jadawali ne cikakke mai layuka da ginshiƙai, ya iya rarraba dogon jeri shafi-shafi, ya iya jera sunaye bisa haruffa, amma ba ya fita daga siffar jadawali. Na biyu, DataList, yana karɓar mazubi, sai dai shi ma cikin jadawali yake zuba kayansa. Na uku shi ne Repeater, watau mai maimaitawa, wanda bai da ado ko ɗaya na kansa. Ba ya ƙara ko ɗigo a kan abin da aka zana masa. Saboda haka ya fi sauran wuyar sarrafawa ga sabon shiga, amma gwanaye sun fi son sa, gama duk siffar da mutum ya ga dama ita zai samu.

Mazubi biyar yake karɓa. Akwai na kai, wanda ake zubawa sau ɗaya a farkon jeri, nan ake sa take da sunayen ginshiƙai. Akwai na layi, wanda shi ne tilas, shi ake maimaitawa ga kowane bayani. Akwai na layin tsallake, wanda ke ba layi na biyu da na huɗu da na shida wani launi dabam don kada ido ya ɓace a dogon lissafi. Akwai na tsakani, watau ɗan zane ko waƙafi da ke raba layi da layi. Kana akwai na ƙasa, wanda ke rufe jerin, inda akan sa jimla.

Yadda aikin ke tafiya kuwa shi ne, mai rubuta manhaja zai miƙa wa injin tarin bayanai, alal misali sunayen ɗalibai ɗari uku da makinsu, sa'an nan ya ba shi umarnin ɗaurawa. Injin zai zuba mazubin kai, ya ɗauki ɗalibi na farko, ya yi sabon kwafin mazubin layi, ya sa suna a gurbin suna, maki a gurbin maki, ya wuce ga na biyu, har ya kai na ɗari uku, ya rufe da mazubin ƙasa. Duk wannan a babbar kwamfutar da ke riƙe da shafin ake yin sa, wadda ake kira saba. Abin da ke isa wayar mai karatu gamammen shafi ne, ba zai ga alamar inji ko mazubi ba.

IN MUTUM ZAI ƘERA NASA

Ba kullum ne sassan da kamfani ya tanada suke biyan bukata ba. Wata ma'aikata tana iya son kowane jeri a shafukanta ya zo da akwatin bincike a sama, da lambobin shafi a ƙasa, da maɓallin bugawa a takarda. Maimakon a riƙa haɗa waɗannan a kowane shafi, sai a ƙera sashe guda da ya ƙunshe su duka.

Hanya biyu ASP.NET ya bayar. Mai sauƙin ita ce a yanko wani yanki na shafi a ajiye shi a ƙaramar takarda mai laƙabin ascx, duk shafin da ke so ya kira shi. Wannan yana da saurin yi, amma galibi a cikin aiki guda yake amfani. Ta biyun ita ce a rubuta sashen da umarni zalla, a dunƙule shi cikin kundi guda, wanda za a iya ɗauka daga wannan aiki zuwa wancan, ko a ba wani kamfani, ko a sayar.

Gwanintar tana wajen sanin abin da za a kulle da abin da za a bari a buɗe. Mai ƙera sashe ba zai iya sanin duk inda za a yi aiki da shi ba. Yau sunayen ma'aikata ne, gobe magungunan asibiti, jibi motocin haya. In ya kulle siffar layi a cikin injin, to, ya yi injin da ba ya buga sai bulo iri ɗaya. In ya yi ƙoƙarin tanadar maɓalli ga kowace bukata, wannan na launi, wancan na faɗi, wancan na hoto, zai wayi gari da sashe mai maɓalli hamsin da ba mai iya tuƙa shi. Mafita ita ce ya riƙe aikin da ba ya canzawa, watau ƙirga layuka, da rarraba shafi, da ɗaura bayani, ya bar wa mai amfani ya kawo mazubinsa. A ASP.NET yarjejeniyar da ke tsakanin inji da mazubi, wadda ake kira ITemplate, sharaɗi ɗaya tak ta ƙunsa: inji zai miƙa akwati fanko, mazubi ya zuba abin da ke cikinsa a ciki. Injin bai san abin da aka zuba ba, kuma ba ya bukatar ya sani.

Akwai kuma matsalar suna. A ce jeri yana da layi ɗari biyu, kowane layi da maɓallin gogewa, kuma dukansu daga mazubi guda suka fito, saboda haka sunansu ɗaya. In an danna na layi na saba'in, yaya saba za ta san wanne ne? Unguwar da ke da Musa goma ba ta rikicewa, domin kowanne ana haɗa shi da sunan uba ko na gida. Haka aka yi a nan. Kowane layi ya zama gida mai lambarsa, cikakken sunan maɓalli kuwa ya haɗa sunan inji, da lambar layi, da nasa. Wanda ya manta da wannan ƙa'ida wajen ƙera sashensa zai tarar an danna wannan layi, wancan ya amsa, kuma a shafin biyan albashi ko na goge suna daga rajista, irin wannan kuskure ba ƙarami ba ne.

Har wa yau, ba a rubuta wa kowane maɓalli nasa umarni. Maɓalli yana kai rahoto ga layinsa, layi ya kai ga inji, inji ya sanar da shafi cewa an nemi abu kaza a layi kaza, kamar yadda magana ke tashi daga mai unguwa zuwa dagaci, daga dagaci zuwa hakimi. Umarni guda ya isa layi dubu.

Mai ƙira nagari yakan tuna da ranar da jeri zai zo fanko. Repeater bai da mazubi na musamman domin wannan, shi ya sa wani lokaci akan buɗe shafi a tarar da kan jadawali kurum, ba layi ba bayani, mai karatu ya rasa ko shafin ne ya lalace ko kuwa ba abin nunawa. Sashen GridView da ya zo cikin 2005, da ListView da ya zo cikin 2007, duka sun tanadi mazubin da zai ce ba a sami kome ba. A wannan shekara ta 2005 kuma aka kawo babban mazubi na shafi sukutum, inda tambarin ma'aikata da jerin hanyoyi suke zama wuri guda, kowane shafi ya gaje su.

Amfanin tara siffa a wuri guda yakan fito a ƙananan abubuwa. Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana, saboda haka 3/4 a wurinsu huɗu ga Maris ne, a ƙasar nan kuwa uku ga Afrilu. In manhaja ta zo da tsarin can, gyara guda a mazubi ya daidaita kwanan wata a kowane layi. Haka alamar naira da waƙafin da ke raba dubbai. Haka kuma haruffan Hausa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, waɗanda kan rikiɗe su koma alamar tambaya in ba a sa shafi da rumbu bisa tsarin haruffa na duniya ba, irin su UTF-8.

INDA AKE TUNTUƁE

Tuntuɓe na farko nauyi ne. Tsarin shafukan intanet ba ya riƙe kowa a ka. Da zarar saba ta aika da shafi, ta manta da wanda ta aika wa. Domin Web Forms ya tuna abin da ke kan allo, sai aka ƙirƙiro wani ɓoyayyen ƙunshi mai suna ViewState, wanda ke tafiya tare da shafi zuwa wayar mai karatu, ya komo duk sa'ad da aka danna maɓalli. Abin da aka ɗaura a kowane layi yana shiga wannan ƙunshi, kuma hanyar da ake mai da shi haruffa tana ƙara masa kashi ɗaya cikin uku na girmansa. A dogon jeri ƙunshin yakan kai ɗaruruwan kilobait. Ma'aikacin ofis da ke kan waya mai ƙarfi ba zai ji a jikinsa ba. Amma ɗalibin da ya sayi data ta 'yan kwanaki, yana wurin da sabis ke ɗaukewa, shi ke biyan kuɗin wannan kaya zuwa da dawowa, alhali ko ganinsa ba ya yi. Maganin sananne ne: a kashe ƙunshin a jerin da karantawa kawai ake yi, a kuma riƙa ɗauko layi ashirin ko hamsin a lokaci guda. Cikin 2010 Microsoft ya sauƙaƙa wannan, ya ba da damar a kashe shi ga shafi duka, a kunna wa sashen da ke bukata kaɗai.

Na biyu yana faruwa in an sa jeri cikin jeri. A ɗauki shafin da zai nuna jihohin Nijeriya 36 da Babban Birnin Tarayya, ƙarƙashin kowace kuma a jera ƙananan hukumominta, Kano 44, Katsina 34, Legas 20, Bayelsa 8, har su cika 774 tare da gundumomi shida na Abuja. Injin waje zai maimaita sau 37, a cikin kowane zubi kuma akwai ƙaramin inji. Sabon shiga yakan sa ƙaramin injin ya je rumbu da kansa a kowace jiha, watau tafiya 37, ga ta farko da ta ɗauko sunayen jihohin, sun zama 38. Gwani kuwa tafiya ɗaya ko biyu zai yi, ya kwaso duka, ya rarraba su a gida. Ran da mutum ɗaya ke gwaji ba a ganin bambanci. Ran da dubban mutane suka yi wa shafi ca a lokaci guda, a nan ake gane wanda ya yi aikin ƙwarai.

Na uku shi ne mafi hatsari. Mazubi yana zuba duk abin da aka ba shi. In wani mugu ya rubuta umarnin kwamfuta a gurbin da aka ce ya sa sunansa, kuma mazubin bai tace ba, to, wayar duk wanda ya buɗe jerin za ta ɗauki wannan rubutu a matsayin umarni, ta aikata shi. Cikin watan Oktoba na 2005 wani saurayi ɗan shekara 19 a Amurka, Samy Kamkar, ya cusa irin wannan umarni a shafinsa na MySpace. Duk wanda ya leƙa shafin sai umarnin ya kwafi kansa zuwa nasa shafin. Cikin kimanin awa ashirin abin ya kama mutum fiye da miliyan ɗaya, har kamfanin ya rufe shafin na ɗan lokaci domin ya share. Shi dai abokai ya tara wa kansa, amma da wannan ƙofa ce ake sace shaidar shiga ta mutane a yi aiki da sunansu. A tsohon salon ɗaura bayani na Web Forms, mai aiki ne zai tuna ya tace kowane gurbi da kansa. Sai cikin 2012 aka kawo gajeriyar alamar da ke ɗaurawa tana tacewa. Tsarin Razor da Microsoft ya fitar cikin 2011 kuwa ya juya ƙa'idar, kome a tace yake fita sai in mai aiki ya ce a bari da gangan.

KIƊA YA CANZA

Shigowar manyan wayoyin hannu bayan 2007 ta tona asirin sassan da ke zuba kome cikin jadawali, gama jadawalin da aka auna da faffaɗan allo ba ya shiga tafin hannu. Masu aiki suka ƙara neman cikakken iko a kan abin da shafi ke fitarwa. Microsoft da kansa ya kawo wani salo mai suna MVC cikin 2009, wanda ba ya aiki da ɓoyayyen ƙunshin nan. Cikin watan Yuni na 2016 ya fitar da ASP.NET Core, sabon gini daga tushe wanda ke aiki a Windows da Linux da kwamfutocin Apple, kuma ba a ɗauko Web Forms zuwa cikinsa ba. Tsofaffin shafukan ba su mutu ba, suna tafiya a kan tsohon tushe na .NET Framework, wanda fitowarsa ta 4.8.1 ta zo cikin 2022, amma sabbin dabaru ba can ake kai su ba.

Injin ya tsufa, dabarar kuwa sai ƙara yaɗuwa ta yi. Tun cikin 2005 wasu ma'aikatan wata jarida a garin Lawrence na Jihar Kansas, Mista Adrian Holovaty da Mista Simon Willison, suka ga an buɗe wa duniya tsarin Django da suka soma domin shafukan jaridar. Da gangan aka taƙaita abin da mazubinsa ke iya yi, don masu zane su yi aikinsu ba tare da sun taɓa umarni ba. Google ya fitar da AngularJS cikin 2010, Facebook ya buɗe React cikin 2013, Mista Evan You ya fito da Vue cikin 2014. A waɗannan uku akasari wayar mai karatu ce ke yin zubin, saba bayani kurum take aikowa. Amma tsarin bai sauya ba: tarin bayanai, mazubin layi guda, da inji mai maimaitawa. Ko matsalar Musa goma tana nan, gama React yakan yi gargaɗi in aka jera layuka ba a ba kowanne tasa shaida ba, kuma in an yi sakaci, rubutun da aka cike a wannan layi yana iya komawa wancan sa'ad da jerin ya motsa.

Shi kansa harshen HTML yanzu yana da alamar ajiye mazubi da alamar barin gurbi, kuma manyan manhajojin buɗe shafi duka sun san su. A ɓangaren Microsoft, tsarin Blazor da ya fito cikin 2019 ya dawo da sassa masu karɓar mazubi cikin sabuwar riga, cikin 2020 kuma aka ƙara masa sashen da ke zana layukan da ido ke gani kaɗai, ko da jerin ya kai dubu ɗari, sauran sai an gangaro gare su. AngularJS kuwa Google ya daina kula da shi a ƙarshen 2021, shekara goma sha ɗaya bayan fitowarsa.

Wannan tarihi yana da darasi ga samari da 'yan matan da ke koyon wannan sana'a a jami'o'i da kwalejojin fasaha da cibiyoyin koyon kwamfuta. Wanda ya haddace sunayen maɓallan manhaja guda, iliminsa zai tsufa tare da ita, kuma an ga yadda manyan kamfanoni ke ajiye kayan da suka yi tashe cikin shekara goma ko sha biyar. Wanda ya gane yadda ake raba bayani da siffa, da dalilin ba kowane layi shaidarsa, da wajibcin tace abin da baƙo ya rubuta, da rage nauyin da ake ɗora wa wayar mai karatu, zai iya kama kowace sabuwar manhaja cikin 'yan makonni.

Haka kuma shugabannin ma'aikatu da makarantu da ke ba da kwangilar gina shafi suna da tambayoyin da ya kamata su yi kafin su sa hannu a takardar biya. A kan wane tushe aka yi ginin, kuma har yanzu masu shi suna kula da shi? In za a canza siffar jeri, wuri nawa za a taɓa? An gwada shafin da ƙaramar waya a inda sabis ba shi da ƙarfi? An gwada shi da layi dubu goma, ko da biyar kurum aka nuna a ranar miƙa aiki? Ɗan kwangilar da ya ƙera injinsa da mazubinsa yadda ya kamata ba zai yi inda-inda wajen amsa waɗannan tambayoyi ba.